Igiyar Farko Ta Baba Ce

Idan ka tsaya a bakin tekun San Telmo da hantsi, lokacin da masunta ke dawowa, za ka hango wani tsoho a kan dokinsa na totora can bayan inda ruwa ke karyewa. Ya ɗora gorar tuƙi a cinya, yana zaune abinsa kamar wanda ya zo hira. Igiyar ruwa mai kyau za ta taso, kowa ya ce yanzu zai hau, sai ya ƙyale ta ta wuce ta ƙarƙashinsa. Wannan yayana ne, Eleuterio Piminchumo. Ni ce Brígida, ƙanwarsa, ni nake sayar da kifin da ya kamo, saboda haka na fi kowa sanin zafin wannan jira nasa, musamman idan masu saye sun kewaye teburina suna tambaya ko yayan nawa ya yanke shawarar kwana a can ne.

Doki muke ce wa wannan ɗan kwalekwalen, ko da yake ba ya cin ciyawa, shi kansa ne ciyawar. Dami huɗu na busasshiyar totora, wata doguwar ciyawar fadama, ake haɗawa, manya biyu da muke kira iyaye, ƙanana biyu 'ya'ya, a ɗaure da kirtani tamau, a tanƙwara goshin ya kalli sama. Ba ya daɗewa. Wata guda yana shan ruwa sai ya yi nauyi, dole a ɗaura wani. Don haka masuncin da ba shi da ramin totora nasa, a wurinmu, ɗan aro ne kawai. Yaya ya fara ɗaura nasa tun gemu bai fito masa ba, har yau kuma idan ya riƙe hannunka don gaisuwa sai ka ji tafin ya fi kirtanin kaushi.

Ba mai yawan magana ba ne. Tunda matarsa Otilia ta rasu, 'ya'yansa biyu suka koma Trujillo suna tuƙin tasi, sai maganar ta ƙara raguwa. A gidana yake cin abincin rana, ɗanyen kifi da lemon tsami da dankali, kullum yana tsince albasa yana tarawa a gefen faranti, kullum ina yi masa faɗa, shi kuma bai taɓa fasawa ba. Teku ba ta ba shi tsoro, amma ka sa shi a bas ka ga yadda zai riƙe kujerar gaba da hannu biyu yana kiran sunan waliyyai ɗaya bayan ɗaya.

Maganar igiyar farko daga mahaifinmu Saturnino ta samo asali. Kowa ya san igiyoyin teku ba sa zuwa ɗaya-ɗaya, ayari suke yi. Ruwa ya yi shiru na ɗan lokaci, sai wata ta taso, 'yan'uwanta na biye da ita, sannan a sake yin shiru. Baba yakan ce kada a hau ta farko, domin idan ta kayar da kai sauran duk a kanka za su sauka, kifinka ya watse, kai ma ka sha gishiri. Dabarar aiki ce kawai a lokacin. Sai wata shekara da sanyi, ina 'yar ƙarama, Baba ya fita duba tarkon ƙaguwa bai dawo ba. Dokinsa ya dawo shi kaɗai, da ƙaguwar a ciki. Ba a ga gawa ba, babu kabarin da za mu kai wa furanni. Tun daga ranar Yaya ya ce igiyar farko ta Baba ce, da ita zai dawo gida idan ya tashi dawowa. Ba koyarwar coci ba ce, ba kuma al'adar gari ba ce, tasa ce shi kaɗai, kuma ya riƙe ta fiye da yadda wasu ke riƙe azumi.

'Yan allo, wato samarin da ke zuwa daga Lima da ƙasashen waje da allunansu masu ƙyalli don hawan ruwa, suna son sa saboda haka. Sun san idan ayari ya taso tsohon ba zai yi takara da su a ta farko ba. Suna ɗaukar hotonsa, suna ce masa kakan masu hawan igiya. Shi bai ɗauki kansa ɗaya daga cikinsu ba. Ya taɓa ce mini, "Su suna fita ne don su hau ruwa. Ni ina hawan ruwa ne don in dawo gida."

Baba ya bar mana ramukan totora a arewacin gari, a jere bayan tudun yashi, inda idan ka haƙa tsawon mutum ruwa mai ɗan gishiri kaɗan zai tsattsafo. A da sai ka yi tafiya mai kyau daga ramukan kafin ka taka jiƙaƙƙen yashi. To, can kudu da mu aka gina doguwar katangar duwatsu cikin teku, don manyan jirage su samu ruwa mai kwanciya. Ban ce jirage ba su da amfani ba, shinkafar da nake ci ma wani lokaci su ke kawo ta. Amma yashin da ruwa ke ɗauko mana daga kudu tun zamanin kakanni sai ya riƙa tsayawa a jikin katangar. Teku kuwa ba ta daina kwasar namu ba. Kowane sanyi sai ta ci wani yanki, ta haura tudun, ta cika rami guda da gishiri da tsakuwa. Totora ba ta jure gishiri mai yawa, cikin mako guda za ka ga ta yi ja ta kwanta. Haka muka yi ta kallo har ya rage mana rami ɗaya, wanda Baba ya haƙa da hannunsa ya dasa saiwar da ya karɓo daga nasa uban.

Sauran masunta suka nemi dabara. Nicanor, abokin Yaya tun suna yara, ya fara cusa farin soso da robobin lemo a cikin doki, ya lulluɓe da 'yar totora a sama don masu hoto.

"Terio, ka bar taurin kai," in ji shi. "Nawa ya fi naka sauƙi, ya fi naka daɗewa."

"Na gani," in ji Yaya. "Ranar da ya yage kuma sai kifi su ci soso, Brígida ta sayar maka da su, ka ci abinka."

"Kai dai tsaya nan. Sanyin bana idan ya zo, a kan me za ka hau? A kan ƙanwarka?"

"Gwada ka gani," na ce masa, ina riƙe da wuƙar gyaran kifi.

Muka yi dariya, amma dukkanmu mun san Nicanor bai yi ƙarya ba. Tsakanin ramin ƙarshe da ruwa, abin da ya rage bai fi faɗin tsakar gida ba. Yaya ya je ofishin gari neman fili nesa da ruwa, aka ce duk abin da ke bayan hanya an riga an yanka wa masu otal. Ya gwada dasa saiwar a rabin ganga a bayan gidana, ta tsiro iya gwiwa ta tsaya. Kullum da safe kafin ya shiga ruwa sai ya je ya tsaya a kan ramin, hannu a baya, ya daɗe yana kallo.

Ana cikin haka Yesenia ta zo. Ita ma 'yar allo ce, mun san ta tun tana zuwa hutu tana cin kifi a teburina da yashi a gashinta. Yanzu ta zama injiniya, tana aiki da wasu masu kuɗi da suka gina tafkin hawan igiya a cikin hamada, can kudu, nesa da teku. Ta ce ranar buɗewa suna so a ga tsohon doki na totora a kan sabuwar igiya, a ɗauka a nuna wa duniya.

"Igiya a hamada?" in ji Yaya. "'Yata, rana ce ta buge ki a hanya?"

Ta yi dariya ta nuna masa a waya. Ya kalla, ya sake kalla, ya mayar mata. Ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Ta faɗi abin da za a biya shi, bai ko ɗaga kai ba. Har ta miƙe za ta tafi, sai ta ce, kamar da wasa, ai da ya zo ya ga wurin, a bayan tafkin akwai wani kwari inda rarar ruwan rijiyoyin burtsatse ke taruwa kafin a sa masa magani, har ciyayi sun fara fitowa, agwagin daji na sauka.

Sai a lokacin ya ɗago. "Ruwan yana tsayawa duk shekara?"

"Muddin injin rijiyoyin yana aiki, Don Eleuterio."

"Gishiri fa?"

"Kaɗan ƙwarai."

"To ki gaya musu su riƙe kuɗinsu. Kwarin nake so."

Bayan kwana biyu ta bugo mini waya ta ce mai wurin ya yarda, da sharaɗi ɗaya. Idan tsohon ya hau igiyar a gaban baƙi, kwarin nasa ne ya dasa abin da yake so. Idan bai hau ba, babu magana.

Labari ya zaga gari kafin in ajiye wayar. Nicanor ya biyo mu har bakin rami yana ihu, "Jama'a ku zo ku ga wanda za shi hawan ruwan baho! Terio, in kawo maka sabulu?" Yaya ya wuce shi. Ya shiga ramin har ƙugu, ya yi ta laluben ƙasa da hannu yana zaɓen saiwa masu ido, yana miƙo mini ina jerawa a buhu da jiƙaƙƙen yashi. Na ce ya bari sai an gama hawan tukuna a dawo a ɗiba. Ya ce teku ba za ta jira mu je mu dawo ba, kuma ya gaskata, domin ruwa ya riga ya fara sauya launi irin na farkon sanyi. Saiwar da aka cire kuwa kwanaki kaɗan take yi a buhu, ko ta shiga ƙasa ko ta ruɓe.

Aka ɗaure dokinsa mafi sabunta a saman bas. Tafiyar ta kusa cinye yini, shi yana riƙe da kujerar gaba, ni ina rungume da buhu ina yayyafa masa ruwa daga gora. Muka kwana a ɗakin ma'aikata. Da safe Yesenia ta ce ya zo a gwada kafin baƙi su iso. Ya ce dokin zai sha ruwa ya yi nauyi a banza, kuma shi ba a wannan shekarun za a koya masa hawan igiya ba. Na goyi bayansa, don ni ma haka na gani.

Tafkin dogo ne, shuɗi, ana ganin ƙasansa na siminti tas. Babu warin komai sai na magani. Babu ko kwasakwasa ɗaya a sama. A gefe guda akwai layin dogo, a kansa wani ƙaton ƙarfe mai kama da garma, shi ake ja da gudu ya ture ruwan ya tashi. Kewaye da wurin hamada ce, sai can nesa ɗan koren gonaki. A bakin ƙofa na tsaya sayen dafaffiyar masara da cuku wurin wata mata, ta ga buhuna yana ɗiga ta tambaye ni mene ne. Na gaya mata. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, 'yar'uwa. Mu dai tunda suka haƙa rijiyoyinsu tamu ta yi ƙasa, sai da mijina ya ƙara wa guga tsawo sau biyu. Rabin dankalinmu bana bai yi ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ma ƙara mini cuku. Na karɓi masarar na wuce, amma maganarta ta bi ni har ciki.

Baƙi suka cika kujeru, da tabarau da manyan huluna. 'Yan allo suka fara. Gaskiya sai a faɗe ta, ban taɓa ganin igiya irin wannan ba. Ta miƙe santal, ta naɗe daidai wa daida tun daga wannan ƙarshe har wancan, babu kumfa, babu karkacewa. Ta mutu a ƙarshen tafkin, ruwa ya yi ta kai-kawo, aka jira ya kwanta, aka mayar da garmar baya, sannan aka sake wata. Ita ma sak ta farkon. Ina kallo ina jin daɗi, ban kawo komai a raina ba.

Mai sanarwa ya kira sunan Yaya, ya ƙara da cewa kakanninsa sun yi dubban shekaru suna hawan ruwa. Aka tafa. Ya shiga da wandonsa naɗe zuwa gwiwa, ya taɓa ruwan ya yi alamar gicciye, ya durƙusa a kan doki ya tuƙa zuwa inda aka nuna masa. Ƙaho ya yi ƙara, garma ta taso, igiya ta miƙe a bayansa. Ya waiwaya ya dube ta, ya ɗora gora a cinya, ta ɗaga shi ta sauke ta wuce.

Sai ya gyara zama, ya kama gora da hannu biyu, ya karkata gaba, yana jiran ta biyu. Babu abin da ya zo. Ruwan ya yi ta lilo da shi har ya kwanta. Na gan shi yana duban inda igiyar ta fito, yana neman sauran, alhali babu komai a wurin sai bangon siminti da tutoci.

Mai sanarwa ya ce kaka yana ɗumama jiki ne. Aka yi dariya. Aka mayar da garma, aka busa ƙaho. Tunda ruwa ya riga ya yi shiru a tsakani, a lissafin Yaya wannan sabon ayari ne. Ya sake ƙyale ta. Dariyar wannan karon ta fi ta farko, har da masu fito. Na hango mai wurin, wani dogo da farar hula, ya kira Yesenia yana nuna agogonsa. Ta taho wurina da sauri, fuskarta duk ta canza.

"Mama, me yake jira? Tsoro yake ji?"

"Tsoro? Yayana? Ta biyu yake jira."

"Wace ta biyu? Ai ɗaya injin yake yi."

"To ku turo biyu a jere mana, ya bar ɗaya ya hau ɗaya."

"Ba zai yiwu ba, Mama. Garma ɗaya ce, sai ta koma baya, sai ruwa ya kwanta. Mai gida ya ce saura ɗaya. Idan bai hau ba a fitar da shi a ci gaba da shiri."

Na saɓa buhun a kafaɗa na bi gefen tafkin da gudu, ni da gwiwata ba ta son gudu. Wani mai gadi ya so tare ni, na ce masa ya matsa ko in shafa masa warin kifin da sai ya yi mako yana wanka. Na isa daidai inda Yaya yake. Wurin shiru ne idan injin ya tsaya, ba sai na ɗaga murya sosai ba.

"Yaya!"

Ya juyo. "Brígida, ina 'yan'uwanta?"

"Ba ta da 'yan'uwa. Ita kaɗai ake yi."

Ya juya maganar a ransa. "Kowacce ta farko ce ke nan."

"Haka ne."

"To ai ta Baba ce."

"Yaya, dubi ƙasan ruwan nan, siminti ne! Baba bai san da wannan kududdufin ba. Babu wanda ya taɓa ɓacewa a nan, babu wanda zai dawo ta nan."

"Ke kika sani?"

Raina ya ɓaci, idona kuma ya cika da hawaye, duka a lokaci guda. Na sauke buhun na buɗe bakinsa na ɗaga masa saiwa guda, baƙa, tana ɗigar da ruwa. "Wannan fa, ta wa ce? Ba ta Baba ba ce? Har ta fara wari, Yaya. In mayar da ita ina?"

Ya dubi saiwar, ya dubi ruwan. Ƙaho ya yi ƙara a karo na uku. Na ga bakinsa yana motsi, ban ji me ya ce ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba. Igiya ta taso. Ya soka gora a ruwa, hagu, dama, hagu, goshin dokin ya ɗaga, ruwan ya kama shi.

Na sha ganin yayana a kan igiya tun ina goye, amma ban taɓa ganin ya yi tafiya irin ta ranar ba. A tekunmu igiya takan ɗauke ka ɗan lokaci ta fashe, ka ƙarasa da kumfa. Wannan ba ta fashe ba. Ta riƙe shi tana tafiya, shi kuma ya jingina gora a bayansa yana yanka gefenta, farin gashinsa a miƙe, har ƙarshen tafkin. Mutanen da suka gama yi masa dariya suka miƙe tsaye suna ihu. Ni ma na yi ihun, da buhu a hannu.

Ya fito ya jingina dokin a tsaye jikin bango don ya tsane, kamar yadda ake yi a gida. Aka yi ta rungumarsa ana hoto. Da suka watse ya zauna kusa da ni, na miƙa masa ragowar masarar. Ya ci kaɗan ya ce, "Brígida, ta yi daɗi."

"To madalla."

"Ba madalla ba ne. Duk rayuwata teku ba ta taɓa ba ni irinta ba. Abin da ya dame ni ke nan."

Mai farar hula ya cika alkawari, wannan kam ba zan hana shi ba. Da yamma Yesenia ta aro mana shebur, ta cire takalmi ta shiga taɓon tare da mu, muka dasa saiwar har ta ƙare. Muka koma gida washegari. A watan Yuli, tsakiyar sanyinmu, teku ta tashi kwana da kwanaki, ranar da ta lafa muka je muka tarar babu tudun, babu ramin, sai tsakuwa a shimfiɗe. Nicanor ya riga mu isa. Ya cire hularsa, bai yi tsokana ko ɗaya ba. Yaya ya tsaya da hannu a baya kamar yadda ya saba, sannan ya juya ya tafi duba tarkonsa.

Totorar hamada ta kama. Ta yi tsawo fiye da ta gida ma, don babu gishirin da ke takura mata. Yanzu duk shekara Yaya yana shiga bas ɗin da yake tsoro, ya je ya yanka, ya shanya, ya ɗauro a sama ya kawo. Ba ta isar sa shekara, yana haɗawa da saye, amma bai taɓa sa soso a dokinsa ba. Yakan ba Nicanor dami ɗaya ko biyu, wai don kifi su huta.

Ni dai har yau ban gama sanin yadda zan ji game da wurin nan ba. Mutane ne suka gina katanga suka hana mu yashi, mutane ne kuma suka gina tafki saiwar Baba ta samu wurin zama. Igiyar injin ba ta taɓa cinye uban kowa ba, na yarda, kuma yaran da ba su taɓa ganin teku ba suna koyon hawa a can cikin kwanciyar hankali. Amma ruwan da totorarmu ke sha, na san na dankalin matar nan mai masara ne. Duk zuwan da na raka Yaya nakan sayi masararta fiye da abin da za mu iya ci, na kuma san hakan bai mayar mata da ko guga ɗaya ba. Sannan ranar da masu wurin suka gaji suka kashe injin, kwarin zai bushe cikin wata guda. Na gaya wa Yaya haka, ya ce ya sani, idan ranar ta zo sai mu sake neman buhu.

Ranar da ya fara fita da dokin da aka ɗaura da totorar hamada, na bar teburina na je bakin ruwa. Ya dawo da hantsi, ya tsaya a wurin da ya saba tsayawa. Ayari ya taso. Ta farko ta zo, ya ƙyale ta. Ta biyu ta zo, babba, mai kyau, irin wadda yake so, na ce a raina ga shi nan tafe. Ita ma ya bar ta ta wuce. Sai a ta uku, wata 'yar ƙarama mai kumfa, ya shigo.

Na tare shi yana jan dokin kan yashi. "Yaya, lafiya? Idonka ne ya fara?"

"Idona ƙalau."

"To ta biyun fa? Me ta yi maka?"

Ya ɗaga dokin ya jingina shi a tsaye, ruwa na zuba daga gindinsa. Ya miƙo mini jakar kifi ba tare da ya dube ni ba.

"Na hau ta Baba sau ɗaya," ya ce. "Idan a ranar ya tashi dawowa fa?"

Tun daga lokacin, igiya biyu yake bari. 'Yan allo sun ƙara son sa, masu sayen kifina sun ƙara ƙorafi. Ni kuwa na daina yi masa faɗan jira. Idan na hango shi zaune a can da gora a cinya, nakan ajiye wuƙa in tsaya, in bi igiyar farko da ido har ta iso kan yashi.